Tambayar Likita, Amsar Uwar Miji

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, in dai ba mai sa kuka ba ce."

"Wannan kam ban ɗaukar muku alkawari ba. Ku dai matso kusa da murhu, a ƙara mini shayi."

A ƙauyenmu na gindin dutse, can sama da garin At-Bashi, a ƙarshen hunturun da tumakin gidan tsoho Toktosun suka fara ɓari, wata yarinya mai suna Sayragul tana da ƙaramin ciki. Matar ɗansa ce, Ulanbek, wanda yake can Mosko yana aikin gini. Ita ce kelin ɗin gidan, wato matar ɗa da ke zaune da iyayen miji, kuma kun san zaman kelin a wurinmu. Ita ke riga kowa tashi. Wurin zamanta bakin ƙofa ne, kusa da butar shayi, ta zuba ta miƙa tana sunkuye. In iyayen miji suna magana ba ta sa baki, in an tambaye ta wani abu a gabansu sai ta dubi ƙasa, babba ya amsa mata.

Wata safiya ta shiga garke ta tarar da tunkiya a tsaye tana makyarkyata, ɗanta a ƙasa, bai kai ba, ko gashi bai yi ba. Ta ɗauke shi da hannu, ta zaro mabiyiyar da ta maƙale, ta goge hannun da busasshiyar ciyawa. Hannun nan kuwa duk a tsattsage yake saboda sanyi da wanke-wanke. Ba a jima ba wasu tumakin suka bi sahu, galibi cikin waɗanda Toktosun ya sayo da araha a hannun wani baƙo da kaka, bai bari malamin dabbobi ya gan su ba. Daga baya har jar saniyar da ake tatsa ta zubar da nata.

Toktosun ya tsaya a bakin garke, hannu a baya. Ba ya yi wa kelin magana kai tsaye, don haka sai ya dubi rufin garken ya ce, "A haƙa rami a baya, a zurfafa, a ɗora dutse. Kada karen maƙwabta ya jawo wani abu kan hanya."

Ita ta haƙa, ƙasa tana daskare kamar ƙarfe. Da ta shigo ɗaki tana hura hannu, uwar mijinta Burulkan ta tare ta a bakin murhu.

"Kelin, abin da idonki ya gani a garke, a garke zai zauna. Kin ji ni?"

"Na ji, Apa," ta ce, don haka muke kiran uwa.

"Sanyi ne ya yi musu yawa bana. Sanyi ne kawai."

Amma daga ranar Burulkan ta fara tafasa madarar da za su sha, ita da ta saba cewa tafasasshiyar madara ta 'yan birni ce masu ragon ciki. Ɗanyen kaymak, wannan maiƙon saman madara da ba a raba shi da gurasa a gidan, ya ɓace daga kan shimfiɗar abinci. Na sayarwa ne kawai bai tsaya ba. Duk ranar kasuwa ana cika kwalabe a kai gari, don kaymak ɗin Burulkan ya yi suna, masu saye har jira suke yi. Sayragul ke juya injin tace madarar, ita ke ɗanɗana kowane zubi ta ji ko ya yi. Ba wanda ya ce mata ta daina.

Zazzaɓin ya zo mata ne da wani irin wayo. Da hantsi garau take. Da an yi la'asar sai sanyi ya shiga ƙashinta, haƙora su riƙa haɗuwa, kai ya yi nauyi. Kafin gari ya waye ya sake ta, ya bar ta cikin gumi sharkaf, gumi mai warin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Kullum da safe sai ta fito da bargo ta shanya a kan shinge.

Burulkan ta riƙa kallon bargon tana taɓe baki. "Wannan wane irin ciwo ne da ya san lokacin ɗora tukunya? Da rana kina tsalle kamar 'yar akuya, da an ce abincin yamma sai kwanciya. Mu ma fa mun yi ciki. A kan doki naƙudar Ulanbek ta kama ni."

Da ranar awon ciki ta zo, suka tafi ɗan asibitin ƙauye, Burulkan a gaba, Sayragul a baya, hannuwanta cikin dogon hannun riga kamar yadda ya kamata kelin ta yi a gaban mutane. Malamin asibitin, Ermek, mutum ne mai tumbi da son raha. Ya sa mata ma'aunin zafi a hammata, ya cire ya duba. Safiya ce, jiki ba zafi.

"To, ƙanwata, me ke damun ki?"

"Ɗan zazzaɓi ne na masu ciki," in ji Burulkan.

"Tun yaushe?"

"Jiya-jiyan nan."

Ermek ya yi dariya. "Burul-apa, ke ce mai cikin ko ita? In ke ce, a bar ni in je in yi wa tsoho Toktosun barka, ashe da sauransa."

"Kai, marar kunya! Na san ka tun kana yawo ba wando. Yi aikinka ka sallame mu."

Ya daina dariyar, ya gyara zama. "Lokacin haihuwar tumaki ne, dole in tambaya. Tana shiga garke? Tana taɓa 'ya'yan da aka haifa? Akwai wadda ta yi ɓari a gidanku?"

"Wa? Wannan? Ko ƙofar garke ba ta san inda take ba. Sarauniya muka ajiye. Tumakinmu kuwa, Allah ya tsare bakin mutane, biyu-biyu suke haifa."

"Haka ne, ƙanwata?"

Sayragul ta dubi takalminta. Maganar tana nan a maƙogwaronta, da ramin, da dutsen, da komai. Amma ta yaya kelin za ta ƙaryata uwar miji a gaban namijin da ba na gida ba? Ta gyaɗa kai kaɗan.

Ermek ya saurari ƙirjinta, ya leƙa maƙogwaro, ya ce mura ce ta haɗu da laulayi. Ya ba da ƙwayar zazzaɓi. Suna fita ya ɗaga murya, "In bai sake ta ba, ku kai ta gari a yi mata gwajin jini na cutar nan ta dabbobi. Ni ba ni da kayan yin sa a nan. Don dai hankali ya kwanta."

"In sha Allahu," in ji Burulkan, ba ta waiwaya ba.

Bai sake ta ba. Yakan yi kamar ya tafi, ta samu 'yan kwanaki ta ji daɗin jikinta, har ta fara yi wa abin da ke cikinta waƙa tana shara, sai ya dawo ya fi na da. Ya sauka gwiwa, ya koma kafaɗa, daga ƙarshe ya yi masauki a ƙugu. In ta sunkuya tatsa, sai ta dafa saniya kafin ta iya miƙewa. Fuskarta ta faɗa, ciki ne kawai ke girma.

Ta yi ƙarfin hali wata rana tana zuba shayi, ta ce a hankali, "Apa, gwajin nan da malam Ermek ya ce..."

"Hanya duk laka ce, ƙanƙara na narkewa. So kike mota ta jijjiga mini jika?"

Da hanya ta bushe ta sake tunawa. Aka ce ana sausayar tumaki, wa zai bar aiki. Da aka gama sausaya aka ce ana shirin hawa makiyayar rani, a bari a sauko. Burulkan ta kira wata tsohuwa ta zo ta turara ta da hayaƙin itacen arca, ta zagaya kanta da kofin ruwa ta zubar a bakin ƙofa, ta ce kambun baka ne, wata ce ta ga cikin ta yi ƙyashi.

"Kin ji ko?" in ji Burulkan. "Likita yana da allurar kambun baka?"

Ulanbek yakan bugo waya ranar hutunsa. Wayar a hannun uwarsa take zama, a buɗe murya kowa ya ji. Bayan an gama labarin tumaki da na wanda ya mutu da wanda ya yi aure, sai a miƙo wa Sayragul, Burulkan tana zaune kusa tana kaɗa ulu.

"Yaya jikin? Apa ta ce kin cika son jiki." Yana dariya ya faɗa.

"Da sauƙi."

"Muryarki fa?"

"Bayana ne ke... da yamma kuma..."

"Ki riƙa jin maganar Apa. Ta haifi bakwai, ta fi ki sanin ciki. Ki kula mini da ɗana, kin ji? Na saya masa wani ɗan takalmi ja, in kin gani sai kin yi dariya."

Ta miƙa wayar ta koma bakin ƙofa. Gidan iyayenta yana can bayan duwatsu, kuma ranar da aka kawo ta uwarta ta ce mata kada ta ji kada ta gani, kada a dawo mata da ƙorafi. Ta riƙe wannan da hannu biyu.

Abin da ya kai su gari a ƙarshe ba tausayi ba ne, bakin mutane ne. A wajen wata walima Sayragul ta tashi da tire za ta kai wa baƙi, ƙafa ta ƙi ɗaukar ta, ta zube da kofuna. Mata suka yi ta kallon juna. Wata ta ce da ƙarfi, don a ji, "Burulkan, kelin ɗinki kuwa tana cin abinci a gidan nan? Ko sai ta faɗi a rami za a kai ta asibiti?"

Ranar kasuwa ta gaba aka sa ta a mota tare da kwalaben kaymak. Burulkan ba ta kai ta babban asibiti ba. Ta zaɓi wani ɗakin likita mai zaman kansa a bayan kasuwa, inda wani saurayin likita ke ganin mutane da sauri-sauri, layi har waje. Ya auna jini na yau da kullum, ya ɗora na'ura a kan ciki, suka ji bugun zuciyar ɗan, da sauri, da ƙarfi. Hawaye ya zubo wa Sayragul.

"Namiji ne," in ji likitan. "Amma uwar jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ga zazzaɓi, ga ciwon gaɓoɓi... daga ƙauye kuke ko? Ya kamata a yi mata gwajin cutar dabbobi."

"An yi, ɗana," in ji Burulkan, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Ermek ya aika da jininta tun kwanaki. Babu komai. Kuma ita ba ta taɓa dabba."

Sayragul ta ɗago kai. Bakinta ya buɗe. Ta ji yatsu biyu sun kama naman cinyarta ta cikin riga sun murɗa. Ta rufe bakin.

"To, madalla, mun fitar da wannan ke nan," in ji likitan, yana kallon ƙofa inda na gaba ya riga ya leƙo. "Ƙarancin jini ne da sanyin ƙashi, ciki kuma yana danne ƙugu. A ba ta nama da hanta, ta sha wannan, ta huta."

A waje, Burulkan ta saya mata samsa mai zafi, gurasar nan mai nama a ciki, ta zaunar da ita a inuwa, ta yi magana da murya mai taushi, irin wadda Sayragul ba ta saba ji ba.

"Kina ganin kamar mugunta nake yi ko? Ke yarinya ce. In kalmar nan ta fita daga bakin likita, gobe malaman dabbobi suna ƙofarmu. Su ɗebi jinin kowace dabba, wadda aka samu da shi a yanka. A fitar da garkenmu daga kiwon gari. Ba mai sake sayen ko cokali ɗaya a hannuna. Me ɗanki zai gada? Ɗan'uwana ya yi ciwon nan shekara da shekaru, yana nan da ransa, ɗingishi kawai yake yi. Ki daure ki haihu tukuna. In kaka ta yi mun sayar da tumakin, ni da kaina zan kai ki."

Kun ji fa. Ashe ta san sunan ciwon tun ranar da ta ɗora madara a wuta.

Sayragul ta riƙe samsar har ta huce. Ta ce a ranta, kaka ba nisa, zan daure. Ta ɗora hannu a ciki, ɗan ya motsa, ta ce masa shi ma ya daure.

Bai kai kaka ba. A makiyayar rani ne, da hantsi, tana dawowa daga rafi da bokiti, ta ji wani abu ya tsinke a ƙugunta, ɗumi ya bi ƙafafunta. Ta durƙusa cikin ciyawa ta kira Apa. Kafin a samo mota daga zangon maƙwabta, an gama. Burulkan ce ta karɓe shi. Ɗan mitsitsi, da yatsunsa cif, bai yi kuka ba. Sayragul ta ga an naɗe shi cikin farin ƙyalle, ta ga Toktosun ya ɗauki shebur ya nufi bayan tudu, yana tafe yana share ido da hannun riga. Ta san zai zurfafa. Ta san zai ɗora dutse.

Burulkan ta yi kuka ita ma, kukan gaske. Amma da matan zango suka taru, abin da ta ce musu shi ne, "Bayanta ba ƙwari. 'Yan matan yanzu ke nan. Na ce kada ta ɗauki ruwa, ba ta ji."

Jinin ya ƙi tsayawa, ƙafafu suka ƙi ɗaukar ta, dole aka wuce da ita babban asibitin gunduma. Aka yi mata wankin ciki, aka kwantar da ita. Da zazzaɓin yamma ya zo kamar yadda ya saba, sai aka kira wata likita mai suna Kanishay, mace mai furfura da tabarau a kan hanci, wadda ba ta gaggawa. Ta jawo kujera ta zauna bakin gado. Burulkan tana zaune a ɗaya gefen da butar shayi a cikin jaka.

"'Yata, zazzaɓin nan tun yaushe?"

"Tun ɓarin nan ne," in ji Burulkan.

"Yana zuwa yana tafiya, ko yana nan kullum?"

"Kullum dai..."

"Uwa, bari ta faɗa."

"Ai kunya gare ta, likita. Mu muka san ta."

Kanishay ba ta ja ba. Ta ɗage bargo, ta danna ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ta ce a ja numfashi, ta ji saifa ta kumbura ta taɓo yatsunta. Ta danna na dama, hanta ma haka. Ta juya ta, ta bi ƙashin baya da yatsa tana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, da ta iso ƙugu Sayragul ta yi ƙara. Ta sunkuya ta shinshina matashin kai. Sannan ta kama hannun za ta ji bugun jini, ta tura hannun rigar sama, sai ta tsaya. Ta juya tafin. Kanta ce ta yi kauri a gindin yatsu, irin ta mai tatsa, ga tabon tsagewa birjik, ga ƙunar igiya.

"Tana taɓa dabbobi?"

"Ko kusa. Sarauniya muka ajiye."

"Uhm," in ji Kanishay. Ta mayar da hannun rigar a hankali. "Bayan nan sai an ɗauki hotonsa. A kawo keken marasa lafiya."

Burulkan ta ɗauki jakarta ta bi su har ƙofar ɗakin hoton ƙashi, ƙofa mai nauyi da jar fitila a sama. Ta sa ƙafa za ta shiga, Kanishay ta tare ta da hannu.

"Nan kam ba mai shiga sai marar lafiya. Hasken injin yana da illa."

"Ke fa?"

"Ni ina da rigar ƙarfe. Ke in kin shiga, sauran haƙoran nan huɗu ma sai su zube. Zauna ki sha shayinki."

Ƙofa ta rufe. Mai ɗaukar hoto ya shige ɗan ɗakinsa na gilashi. Kanishay ba ta ce a kunna komai ba tukuna. Ta durƙusa a gaban keken har idonta ya yi daidai da na Sayragul.

"Ina sunanki?"

"Sayragul."

"To, Sayragul, a ɗakin nan ba kelin, ba uwar miji. Bango ya fi ƙarfin kunne. Ni ba na ganin gaibu. Hannuna ya gaya mini wani abu, hancina ya gaya mini wani, tafin hannunki ya gaya mini wani. Amma ciwon da ke kawo zazzaɓi da kumburin saifa da ciwon baya suna da yawa, kowanne da gwajinsa da maganinsa. In na bi hanyar da ba ita ba, bayanki ne zai biya. Ke kaɗai kika san inda hannun nan ya shiga. Gaya mini."

Sayragul ta dubi ƙofa. Ta tuna kalmar uwarta, ta tuna samsa, ta tuna jan takalmin da ke Mosko. Wanda ta yi shirun dominsa yana bayan tudu ƙarƙashin dutse.

"Na binne su da hannuna," ta ce. Muryar ta fito a dishe, kamar ta wadda ta daɗe ba ta yi amfani da ita ba. "Tumakin. Tun hunturu. Har da saniya. Ni ke ciro mabiyiya. Ni ke ɗanɗana kaymak. Ba a taɓa yi mini gwajin ba, likita. Ba a taɓa ba."

Daga nan maganar ta ɓalle, ta faɗi komai, tana kuka tana faɗa, Kanishay tana riƙe da hannun ba ta katse ta ba. Sai da ta gama aka ɗauki hoton.

Gwajin da aka yi ta guje wa tun ƙarshen hunturu bai ɗauki komai ba. Aka ɗebi jini, aka tace ruwansa, aka ɗiga a kan gilashi, aka haɗa da ruwan gwaji. Yana haɗuwa ya guntse ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke. Hoton kuma ya nuna cutar ta riga ta ci gefen ƙasusuwa biyu na ƙugu.

Kanishay ta dawo bakin gado da hoton ƙashin a hannu. Toktosun ma ya iso, yana tsaye da hularsa a ƙirji.

"Cutar ɓarin dabbobi ce, wadda muke kira buruselos. Ta daɗe a jikinta."

Burulkan ta dubi Sayragul, kallo ɗaya. "Me kika gaya mata?"

"Jininta ne ya faɗa," in ji Kanishay. "Amma da ta faɗa ma, gaskiyarta ce. Uwa, sau nawa aka tambaye ki?"

"Mu talakawa ne, ba mu san komai ba. Mun zaci sanyi ne."

"Ke kina shan ɗanyar madara a gida yanzu?"

Burulkan ta kau da kai. Toktosun ya dubi rufin ɗakin. Kanishay ta ci gaba.

"Da an zo da ita lokacin da ya fara, akwai maganin da ake ba mai ciki. Ba zan rantse miki cewa ɗan zai rayu ba, wannan na Allah ne. Amma da ya samu dama, kuma da bayanta bai lalace ba. Mutum biyu masu ilimin aikin nan sun yi tambayar da ta dace, kin toshe musu hanya. Likita da bakin marar lafiya yake fara gani. In aka rufe bakin, an rufe masa ido. Kuma ki sani, doka ta tilasta mini in sanar da malaman dabbobi yau, don akwai yara a garin nan da ke cin kaymak ɗinki da gurasa."

Nan Burulkan ta ɗora hannu a ka. Ba ɗan da ke bayan tudu ta kira ba. Cewa ta yi, "Wayyo garkena! Kin kashe mana gida, kelin. Mun ci da ke, mun sha da ke, kin shiga ɗaki kin sayar da mu."

Sayragul tana kwance, fuskarta ga bango. Ta juyo a hankali, don juyi ma wahala yake mata, ta dubi uwar mijinta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Apa, ranar da kika fara tafasa madara, me ya hana ki ce mini in daina ɗanɗanawa?"

Duk ɗakin, har matan da ke sauran gadaje, aka juyo ana jiran amsa. Burulkan da ta amsa wa Ermek, ta amsa wa likitan bayan kasuwa, ta amsa wa Kanishay, wannan karon jakarta kawai ta ɗauka ta fita.

To, jikokina, ni abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Ba wanda ya doke ta a gidan nan, ba wanda ya hana ta abinci. Amsa mata kawai aka riƙa yi. Muna kiran shirun kelin ladabi, muna yabon wadda ba a jin muryarta, har mu bi ta da shi gaban likita, inda maganarta ce kaɗai za ta cece ta. Duk wanda ya raka marar lafiya, ya riƙe mata jaka, ya riƙe mata hannu, amma ya sakar mata bakinta.

Malaman dabbobi sun zo, sun gwada garken, an yanka fiye da rabi har da jar saniya. An samu cutar a jikin yara biyu na wata malamar makaranta da ke sayen kaymak ɗin, an kama tasu da wuri, sun warke. Toktosun ya daina zuwa majalisar dattawa, bai daɗe ba ya rasu. Ermek yanzu ba ya barin uwar miji ta wuce bakin ƙofarsa, ko da za ta zage shi har kakansa. Ulanbek ya dawo da jan takalmin a cikin jaka, ya yi kuka a bakin gado, amma da aka ce ya zaɓi inda matarsa za ta yi jinya, sai ya ce shi ba zai iya saɓa wa Apa ba, ya koma Mosko. Burulkan tana nan da ranta, har yau tana gaya wa mutane cewa kelin ce ta rusa mata gida. Sayragul ta sha magani wata da watanni, zazzaɓin ya tafi, bayan bai dawo daidai ba. Uwarta ta zo ta ɗauke ta. Tana can bayan duwatsu tana ɗinki a zaune, in za ta tashi sai da sanda, kuma ba ta sake haihuwa ba.